Gahawar da Yaba Ya Ce a Sha

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku kwana biyu. Masu turo min "Lujain ya aka ƙare da Nidal?" da masu cewa "ko an fasa ne?", a'a, ba a fasa ba. Da ma fasawar aka yi, wataƙila da yanzu na samu abinci ya wuce min maƙogwaro. Ku gyara zama in ba ku labari, amma don Allah duk wadda ta san "ki yi istihara" za ta rubuto min, ta riƙe abinta. Na yi, na sake yi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Lujain, 'yar Irbid a nan ƙasar Larabawa, shekarata ashirin da tara, wanda a lissafin mahaifiyata daidai yake da hamsin. Injiniya ce ni a sashen manyan kwamfutoci na jami'armu. Kada ku ji "sashe" ku zaci wani bene ne mai gilasai. Ɗaki ne a ƙarƙashin ginin kimiyya, babu taga, sanyi kamar cikin firij, fankokin injuna na ta kuka ba dare ba rana. Tsakiyar Yuli mutane na gasuwa a titi, ni ina ciki da rigar sanyi. Yumma, wato mahaifiyata, kullum sai ta goranta min: "Mun kai ki makaranta don ki hau sama, kin je kin shige rami kamar ɓera."

To ramin nan nawa ya tsufa. Malamai ne ke turo mana lissafin bincikensu, wanda kwamfutar ofis ba za ta iya ba ko da za ta shekara tana yi, mu jera musu a layi, injuna su ci ɗaya bayan ɗaya. Yanzu layin ya kai mutum ya turo aiki ya yi makonni yana jira, yana kirana yana zagin kakannin injin. Bara da zafi na'urar sanyaya ɗakin ta mutu, da hannuna na riƙa kashe injuna ina kuka, kar su ƙone. Da jami'a ta samu tallafi sai aka kafa kwamiti, aka ce hanya biyu ce: ko a sayi sababbin injuna a zuba a ɗakina, ko a rufe ɗakin baki ɗaya a koma haya a girgije, wato a riƙa tura aikin ta intanet zuwa injunan wani babban kamfani da ke wata ƙasa. Shugaban sashenmu, Dakta Hazim, girgije yake so ɗari bisa ɗari, ya gaji da kiran mai gyara. Ni kuma aka ce in rubuta nawa rahoton, in tsaya gaban kwamiti ranar Lahadi in kare shi.

Ni fa ba na gaba da girgije, kada wani ya fassara ni. Masu lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa da masu hasashen fari, waɗanda sau biyu a shekara suke buƙatar ƙarfin inji kamar hauka sannan su yi shiru, su haya ta fi musu. Haka na rubuta. Abu ɗaya na ce ba zai fita daga ɗakina ba, shi ne aikin Dakta Maisun.

Dakta Maisun likitar gado ce, cututtukan da ake haifar mutum da su a jini. Akwai wani ƙauye gabas da garin Mafrak da yaransu ke makancewa tun kafin su balaga, gida bayan gida. Shekara da shekaru tana zarya kafin su yarda su ba ta jini. Ranar da suka yarda ɗin ina wurin, don ta ce in zo in amsa tambayar da ita ba za ta iya amsawa ba. Wata tsohuwa, Hajja Fidda, mai zanen shuni a haɓa, ta zaunar da mu a kan katifun ƙasa, ta zuba mana shayi mai zaƙi kamar zuma, ta ƙare min kallo.

"Ke ce mai injin?"

"Ni ce, Hajja."

"Abin da za ku karanta a jinin jikokina, ina za a ajiye shi? Kin san in magana ta fita cewa gidan wane ne ke ɗauke da makanta, babu wanda zai ƙara neman 'ya'yanmu mata. Har waɗanda idonsu garau."

Na ce, "A ɗakina zai zauna, Hajja. Mabuɗin na hannuna. Ba zai bar Irbid ba."

Ta kama hannuna da nata mai kaushi ta ce in maimaita. Na maimaita. Sannan ta juya ta ce wa surukarta ta kira yaran.

Yarjejeniyar hayar kuwa na karanta ta tas. Kamfanin na da ikon kwafar abin da ka ajiye daga wannan ƙasa zuwa waccan in ya ga dama. Wataƙila babu wanda zai taɓa leƙawa. Amma ni ba "wataƙila" na faɗa wa Hajja Fidda ba.

Yanzu ga inda Nidal ya shigo. Kun san shi, mai kantin maganin nan da ya riƙa yi min kuskuren canji da gangan don in dawo. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, kawunsa Abu Siraj ne ya riƙe shi, ya yi masa makaranta, ya buɗe masa kantin. Kuma Abu Siraj ɗin nan shi ne wakilin kamfanin girgijen da ke neman kwangilar jami'armu. Ban ɓoye ba, tun farko na je na faɗa wa shugaban kwamiti. Ya duba rahotona ya yi dariya, ya kira ni da laƙabin injiniya na Larabci ya ce, "Muhandisa, wanda ya rubuta wannan ai ba surukuta yake nema ba. Je ki abinki."

Ranar da matan gidan su Nidal suka fara zuwa ganina, Abu Siraj ne ya kawo su a mota, ya shigo gaida Yaba, mahaifina. Mutum ne mai ƙamshin turare da murmushi kamar an biya shi. Da na kawo tire ya ce, "'Yata, na ji labarin rahotonki. Ke rijiyar gida kike gadi, mu kuma famfo muke kawo muku."

Na kira shi da Ammo, wato kawu, na ce, "Famfon na da kyau, Ammo. Amma akwai ruwan da ba a zuba wa a bututun maƙwabta."

Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce wa Yaba, "Abu Ra'id, wannan 'yar taka ai lauya ce." Yumma kuwa ta bi ni kicin ta mintsine ni a hannu har sai da wurin ya yi shuɗi. "Bakinki ne zai zaunar da ke a gidan nan har ki yi furfura! Mutum zai ba ki ɗansa kina masa gardamar famfo?"

Kason aikin Dakta Maisun shi ne mafi tsoka a kwangilar, wannan na sani, shi ma ya sani. Amma bai ƙara ta da maganar ba. Aka daidaita komai tsakanin gidajen biyu, aka sa ranar jaha, wato ranar da manyan gidansu za su zo neman aurena a gaban jama'a, Juma'ar da ta wuce bayan la'asar. Ni sakarya har da murna, wai mutumin ya haƙura.

Ranar Juma'a tun da safe gidanmu ya koma kasuwa. An kafa rumfa a filin gaban gida har ta toshe layi, kujerun roba farare jere-jere, manyan farantan kunafa, kayan zaƙin bikinmu, a rufe da leda a kan teburin Yumma, tukwanen gahawa na Yaba na tagulla an goge su har kana ganin fuskarka. Yumma ta sa baƙar rigarta mai jan ɗinkin hannu a ƙirji, wadda ta ce sai ranar aurena za ta fito da ita, tana yawo tana ba da umarni kamar kwamanda. Ni aka sa min doguwar riga ruwan zaitun mai duwatsu a hannu, mai kwalliya ta ɗaure min kai da allurai har ina jin bugun jijiyata. Gwaggonnina suka cika falon mata, kowace da turarenta, numfashi ma da ƙyar.

Wayata ta yi ƙara. Saƙon Nidal ne.

"Amarya, kin ci wani abu?"

"Allura goma ce a kaina, ka ce in ci abinci?"

"Kawu ya tara mutane fa. Motoci har sun kai shataletale."

"Shi zai yi magana?"

"Shi ne babba. Lujain..."

"Na'am?"

Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake rubutu, ya goge. Can sai ga: "Ba komai. Allah ya sa alheri." Na tura masa hoton zuciya. Kai, Lujain, Allah ya shirye ki.

Yayana Ra'id ya yi min alkawarin zai kira ni ta bidiyo ya saƙale wayar a aljihun gaban rigarsa, don mu ga abin da ke faruwa a rumfa. Muka taru a kan wayata, ni da Yumma da gwaggonni, kai ya haɗu da kai. Maza suka shigo sahu-sahu, jajayen rawuna, alkyabbu masu bakin zinare, ana ta gaisawa ana sumbatar kumatu. A sahun gaba, kusa da Abu Siraj, na hango fuska biyu da na sani, malamai biyu 'yan kwamitinmu. Na ce a raina ai Irbid ce, kowa ɗan'uwan kowa ne.

Aka zuba gahawa a ƙaramin kofi aka miƙa wa Abu Siraj. Ya karɓa ya ajiye a kan tebur bai sha ba, kamar yadda ake yi. Babban baƙo ba ya shan gahawar sai ya faɗi abin da ya kawo shi an ce an ba shi. Ya miƙe, ya gyara alkyabba, ya fara da salati, ya yabi gidanmu tun daga kakan kakana. Ya ce, "Mun zo da buƙata wurin mutanen da ba a taɓa komawa daga ƙofarsu hannu rabbana ba..."

A nan ne Yaba ya yi abin da ya yi.

Ku fahimci mahaifina. Tsohon soja ne, ba shi da dukiya sai gonar zaitun da sunansa. Abin alfaharinsa a duniya shi ne gahawar baƙo ba ta taɓa hucewa a gabansa ba. Ga shi an riga an gama magana tun a ɗaki, ya san abin da za a roƙa, ko ya zaci ya sani. Ga manyan mutane cike da rumfarsa, abin da bai taɓa gani ba. Sai kawai ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu ya katse shi, murya na rawa don daɗi:

"Abu Siraj, kada gahawarka ta huce! Ku sha. Duk abin da kuka zo da shi, na rantse da Allah an ba ku!"

Rumfa ta ɗauki "Allah ya ƙara girma!" Gwaggonnina suka saki guɗa a kunnena. Yumma na share hawaye tana cewa, "Kun ga namiji!"

Abu Siraj bai ɗauki kofin ba. Ya bari hayaniyar ta lafa, yana murmushin nan nasa.

"Karamcinka ya riga bakina, Abu Ra'id. To buƙatunmu biyu ne. Na farko, muna nema wa ɗanmu Nidal auren 'yarku Muhandisa Lujain. Na biyu, 'yar da za ta shigo gidanmu ba za ta ci gaba da zama a ƙarƙashin ƙasa tana gadin fankoki ba. Na ba ta kujerar shugabar injiniyoyi a kamfanina, ofis a hawa na sama, daga ranar Lahadin nan. Muna roƙon ka ba mu ita a gida, ka ba mu ita a ofis."

Sannan ya ɗauki kofin ya shanye, ya girgiza shi alamar ya isa.

Wayyo Allah. Tafi ya ɓarke. Aka ɗaga hannuwa aka karanta Fatiha. A falonmu Yumma ta rungume ni tana tsalle da girmanta, "Hawa na sama! Kin ji? Allah ya fitar da ke daga rami!" Wata gwaggona ta cusa min kunafa a baki. Ni kuwa idona na kan wayar, kan malaman nan biyu. Ɗaya ya sunkuya ya raɗa wa ɗayan magana, suka gyaɗa kai.

Dokar jami'armu a fili take, kowa a sashenmu ya san ta. Ma'aikacin da ya karɓi aiki a wurin kamfanin da ke neman kwangila, an cire hannunsa daga maganar, rahotonsa kuma a ajiye shi gefe kamar ba a rubuta ba. In aka ajiye nawa, na Dakta Hazim ne kaɗai zai rage a teburin. A rufe ɗakina. Dakta Maisun kuma ko ta tura jinin yaran Hajja Fidda ƙasar da ba ta sani ba, ko ta tattara binciken shekaru ta zuba a kwandon shara. Mutumin nan bai yi gardama da rahotona ba ko da layi ɗaya. Cire ni ya yi daga kansa, a gaban shaidu, da bakin ubana.

Na tofar da kunafar a tishu na shige ɗakina na murɗa mabuɗi. Na rubuta wa Nidal:

"Ka san zai faɗi haka?"

Ina ganin alamar ya karanta.

"Nidal, ka sani ko ba ka sani ba?"

"Ya faɗa min zai yi miki tayin aiki. Wallahi ban san a rumfa zai yi ba."

"Shi ne abin da ka rubuta ka goge ɗazu?"

"Lujain, shi ya raine ni. Cokalin da na ci abinci da shi ma nasa ne. Me kike so in ce masa?"

"Ka ce masa matarka ba kyautar biki ba ce."

"Aikin fa ya fi naki. Ki bar su da injunansu mana. Don Allah kar ki ɓata mana yau."

Na jefar da wayar kan gado. Abin da ya fi ƙona min rai, ina son yaron nan. Ina son sa har yanzu da nake rubuta muku wannan, kuma ina jin haushin kaina a kan haka. Ba mugu ba ne. Matsoraci ne kawai a gaban mutum ɗaya, kuma mutumin nan ɗaya shi ya saye ni yau da kofin gahawa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na zaci Yumma ce, na ce ina gyara ɗankwali.

"Ni ne, 'yata."

Na buɗe. Yaba ne, da alkyabbarsa ruwan ƙasa wadda ya aro wurin ƙaninsa, fuskarsa na sheƙi kamar yaron da ya ci jarrabawa. Ya sumbaci goshina. "Kin ji yadda aka yi? Mutane za su shekara suna maganar jahar nan. Ban bar shi ya ƙarasa ba ma!" Sai ya lura da idona. "Subhanallahi. Wa ya taɓa ki?"

Na zaunar da shi a bakin gado na faɗa masa komai. Ban yi masa maganar injuna ba, don ba zai gane ba. Na ce masa akwai wata tsohuwa da ta ba ni amanar asirin gidanta, na ce mata ba zai bar hannuna ba, kuma in na karɓi kujerar nan ya bar hannuna ke nan. Na ce masa Abu Siraj ya san haka sarai, shi ya sa ya kawo malaman nan biyu su ji da kunnensu.

Ina magana hasken fuskarsa na dusashewa. Wallahi da ya daka min tsawa, da ya ce "na riga na faɗa, an gama", da na fi samun sauƙi. Da na samu wanda zan yi fushi da shi. Amma sai ya tsaya kallon tafin hannunsa.

"Da bakinki kika ce mata?"

"Da bakina, Yaba. Ta riƙe hannuna ta sa na maimaita."

"Yaushe?"

"Bara, lokacin tsinkar zaitun."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To maganarki ta riga tawa." Ya ja dogon numfashi. "Ni na yi wauta. Na ba da abin da ban ji sunansa ba, don a ce Abu Ra'id mai karamci ne."

"Yaba..."

"Tsaya in gama. Mutanen ba su watse ba, suna cin kunafa. Zan iya komawa rumfar nan yanzu, in tsaya a gaban Abu Siraj in ce buƙata ta biyu na janye. Rantsuwar zan yi kaffararta, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Amma ki sani, daga yau ni ne mutumin da aka sha gahawarsa ya dawo ya ce a amayar. Ba za a ƙara kirana sulhu ba, ba za a ƙara sa ni gaba a neman aure ba, har Ra'id sai an goranta masa. Kuma Abu Siraj ba zai bar yaron ya zauna ba, tare za su tashi." Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja. "Zan iya ɗauka. Ban ce miki ba zan iya ba. Amma ba zan sake yanke miki abu ban tambaye ki ba, sau ɗaya ya isa."

Ya kama bakin alkyabbar da hannu biyu.

"Faɗa min, 'yata. In tuɓe ta in je in zauna, magana ta tsaya yadda take, ko in bar ta a kafaɗata in koma rumfa in janye?"

Ku da kuke karantawa a kan gadajenku, na san kowace ta riga ta zaɓa min. Da sauƙi ai, ba ubanku ba ne ke zaune a bakin gadon da aron alkyabba. Na buɗe baki, na ga hannun Hajja Fidda. Na rufe, na ga furfurar Yaba.

Sai guɗa ta tashi a falo, aka fara buga ƙofar da tafin hannu.

"Lujain! Abu Ra'id! Me kuke yi a ciki?" Muryar Yumma ce, har ta dishe don murna. "Ku fito mana, ga ango ya shigo da zobe, yana tsaye yana jira!"

Yaba bai ko waiwaya ƙofar ba. Ni yake kallo, hannunsa na kan alkyabbar.